Me za mu dafa wa iyalai mabuƙata a coci?

'Yar'uwa, sannu da niyya. Kin ce fastonku ya nemi masu sa kai su riƙa yi wa mabuƙata girki ran Asabar, kina tambayar me ya kamata ku ɗora. Ni ma ina cikin masu yi a cocinmu nan Asawase, Kumasi.

Ku fara da waakye, wake da shinkafarmu ke nan. Yana da auki, yana riƙe ciki. Amma ku jiƙa waken tun daren Juma'a, ku sa karan dafi da 'yar kanwa. Ranar da muka manta jiƙo, gas ya ƙare wake bai nuna ba, muka koma hura gawayi da murfin tukunya, yara na zaune da kwanoni suna kallonmu. Shito kuwa, wato soyayyen barkonon da ake ci da waakye, a soya shi tun kafin ranar, ba ya saurin lalacewa. Tuwon zafi da miyar ayoyo akwai daɗi, sai dai tuƙa na gidaje da yawa sai mai ƙarfin damtse.

Batun nama shi ne babba. A zango yawancin maƙwabta Musulmi ne, saboda haka mukan saya wurin mahauci Musulmi, tukwanen kuma ba su taɓa ganin alade ba, muna kuma gaya wa mutane haka.

Cefane a kasuwar Kejetia da sassafe, buhu ya fi awon gwangwanin olonka sauƙi.

Akwai wata tsohuwa da kunya ba ta barinta shiga layi. Bayan magariba nake kai mata nata a rufe.