Faifan Garmaho: Wanne Zan Saya, Kuma Yaya Zan Yi da Na Gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya shiga sha'awar tara faifan garmaho. Mun je shago na ga waƙoƙi ɗaya amma faifai iri uku: baƙi na gama-gari, wani mai nauyin giram 180, da wani mai tsada da aka ce ba ya cutar da muhalli. Gaskiya ne ko dabarar 'yan kasuwa ce? Daga wata uwa a Hamburg, Jamus.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaron. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma talla.

Faifai dai roba ce da ake kira PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Wani ɓangarenta daga man fetur ko iskar gas yake, wani kuma daga sinadarin kulorin da ake cirewa daga gishiri. A masana'anta ana yin curi da ita, a sa tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu ɗauke da zanen sautin, a danne da zafin tururi, a sanyaya da ruwa. Tukunyar tururin nan galibi gas take sha. Da can ba wanda ya damu, don an ɗauka faifai ya mutu. Sai ga shi a 2022 an sayar da faifai miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya sha gaban CD. Da kasuwa ta buɗe sai maganar muhalli ta taso.

Ki duba bayan kwalin na ukun nan ki ga me aka rubuta, domin ba abu ɗaya ba ne duka. Akwai wanda aka yi da niƙaƙƙen ragowa, wato gefen da ake datsewa da faifan da suka lalace a masana'anta. Shi ya sa launinsa yake fitowa a cuɗe, kuma wani lokaci a ji ɗan ƙas-ƙas kaɗan. Akwai BioVinyl, wanda aka maye gurbin man fetur da abubuwa irin su man girki da aka gama amfani da shi. Sautinsa daidai yake da na baƙin, amma ki sani PVC ne har yanzu, kuma a lissafin masana'anta ake ƙirga rabon man girkin, ba a kowane faifai ba. Sai kuma na robar PET, irin ta gorar ruwa, da ake ɗura ta cikin mazubi ba tare da tururi ba. Kamfanin Sonopress da ke Gütersloh, nan Jamus ɗinku, yana yin sa da sunan EcoRecord, shi ma kamfanin Green Vinyl Records na Holan yana yin irin wannan faifan. Wannan shi ya fi kauce wa tsohuwar hanya.

Mai giram 180 kuwa, ki bar musu kayansu. Zurfin layin da allura ke bi ɗaya ne da na gama-gari mai giram 140. Ƙarin roba kawai za ki biya wa kuɗi, da ƙarin nauyi a mota da jirgi.

Shawarata ita ce ku fara da shagon na hannu. Faifan da aka buga shekara arba'in da suka wuce ya riga ya ci man da zai ci, kuma idan an kula da shi zai kai ga jikokinki. In sabo ake so, a saya a nan kusa, kada a yo oda daga Amurka ta jirgin sama. Sannan ki ja kunnen yaron a kan sayen waƙa ɗaya kala huɗu don kawai launinsu ya bambanta. Wannan ɗabi'ar ta fi damuna a kan komai a kasuwar nan.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da faifai na makaɗan Hausa, da yawa an rubuta EMI Nigeria a jikinsu. Wasu sun lanƙwashe. 'Yan'uwana sun ce a ƙone tare da shara. Daga Fagge, Kano.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, don Allah kada ku ƙone. PVC idan ya kama wuta hayaƙinsa na ɗauke da iskar asid mai ƙona ido da huhu, da gubar dayoksin, kuma yaran unguwa ne za su shaƙa.

Ka fito da su daga akwatin, ka jera su a tsaye kamar littattafai a ɗaki mai sanyi. Kwantar da su kan juna da zafin bazara su ne suka lanƙwasa su. Ƙurar hunturu kuma a wanke ta da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layin, ba a jiƙa takardar tsakiya ba. Kada kananzir ko fetur su kusance su. Idan ka ga masu kauri da nauyi da aka rubuta 78, waɗannan ba roba ba ce, da ƙaron wani ƙwaro aka yi su, kuma suna faɗuwa sun fashe.

Mai yiwuwa a cikin akwatin nan akwai waƙar da ba ta intanet, ba ta kaset. Ka nemi wanda zai juye su a kwamfuta, sannan ka tuntuɓi masu nazarin waƙoƙin baka a Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa da ke Kaduna kafin ka sayar wa dillali a banza.

Tambaya: Ni makaɗin gita ne. Wani kamfani na Turai yana so ya buga waƙoƙinmu a faifai 500. Me zan nema? Daga Agadas, Nijar.

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa. Ka nemi giram 140, launi ɗaya, kwali na takardar da aka sake sarrafawa, kuma a buga a nahiyar da masu sayen suke. Idan ba su da tabbacin 500 za su ƙare, su fara karɓar oda kafin su buga. Kuma a rubuta a yarjejeniya nawa ne kasonka a kowane faifai, da guda nawa za a ba ka ka sayar a wajen wasa.