Akwatin fitilun Maulidi yana zafi da ƙauri: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mu ne matasan da ke yi wa layinmu ado da fitilu lokacin Maulidi. Fitilu 500 ne masu canza launi, na bolt 12. Kwantirola da fawa saflai mai wat 350 duk suna cikin akwatin roba guda, mun naɗe shi da leda saboda ruwan sama. Bayan awa biyu akwatin ba ya taɓuwa, har ƙaurin roba muke ji. Wanda ya haɗa mana ya ce kada mu damu, bolt 12 ba ta kashe kowa. Yara ne ke cika wurin, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gaskiyarka da hankalinka bai kwanta ba. A kashe akwatin nan yau, kada a sake kunna shi sai an gyara.

Ledar za ku fara cirewa. Fawa saflai irin naku, wato na'urar da ke mayar da wutar gida zuwa bolt 12, idan ya ɗau kaya sosai yana zubar da kusan wat 50 a matsayin zafi, fankar cikinsa kuma iskar da ta riga ta yi zafi kawai take juyawa tunda kun toshe ko'ina. Da yawansu ƙarfinsu yana fara raguwa da zarar iskar da ke kewaye da su ta haura digiri 50. Ledar ma ba ta hana danshi: da asuba idan gari ya yi sanyi, raɓa takan taru a ciki. A huda akwatin wuri biyu, ƙasa inda iska za ta shiga, sama a gefe inda ƙaramar fanka za ta fitar da ita. A rufe hudojin da raga saboda tsaka da kiyashi, a yi musu rumfa mai kallon ƙasa. Kowace waya ta shigo ta gindin akwati, a bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗige a waje. A ɗaga shi daga ƙasa, a sa shi a inuwa, a kulle shi da kwaɗo.

Amma maganar mai haɗa muku ita ta fi tayar mini da hankali, domin kullum sai na ji ta a bakin 'yan dagajin da suka koyi murɗa waya suka ce sun zama masu gyaran wuta. Eh, bolt 12 ba ta jan mutum. To wa ya ce jan wuta ne kaɗai hatsari? Gobara fa? Abin da ke dafa waya amfiya ne, wato yawan wutar da ke bi ta cikinta, ba bolt ba. Kowace fitila irin taku tana iya shan miliamfiya 60 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) idan ta yi fari tas, 500 ke nan amfiya 30, alhali fawa saflai ɗinku iyakarsa wajen 29. Tun nan kun wuce gona da iri. Siririyar wayar fulasibul mai kaurin murabba'in milimita 0.75 kuwa amfiya 6 take ɗauka. Idan wutar da ke bi ta waya ta ninka sau biyu, zafinta sau huɗu yake ninkawa. Bolt 12 ɗin nan dai ita ce a batirin mota, kuma duk bakanike ya san yadda sifana ke yin ja idan ta haɗa kawunansa biyu.

Za su ce maka ai akwai bireka a gida. Birekar tana ɓangaren bolt 230, inda duk kayanku amfiya 2 ko 3 kawai suke ja. Waya za ta narke a ɓangaren fitilu, roba ta kama, birekar ba ta ko motsa ba. Shi ya sa kowane layin da ya fita daga akwati sai an sa masa fis ɗinsa, kusa da fawa saflai. Fis ɗin mota mai amfiya 5 ya isa layi mai fitilu 50 zuwa 70, kuma ba shi da tsada. Idan ya tsinke a nemo dalili. Wanda ya ɗaure shi da silin waya, a sallame shi daga aikin.

Ka buɗe akwatin bayan an zare shi daga soket, ka duba bakin kowane sukuru. Inda robar waya ta yi ruwan ƙasa ko ta ƙandare, nan ƙaurin yake fitowa, galibi saboda ba a ɗaure sosai ba, ko an murɗa an naɗe da salatif. Ka kankare silin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, a canza ta.

A raba fitilun tsakanin fawa saflai biyu, ko a rage haskensu a kwantirola zuwa rabi. Kada kuma a manta bolt 230 tana cikin akwatin nan, ita kuwa tana kisa: a ware wayoyinta gefe guda, a rufe bakinsu, a haɗa wayar at, wato mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, da jikin fawa saflai, a sa birekar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, kafin wutar ta fita titi.