Dan Allah kada ka kai masa fayafayan nan, ni ma haka aka yi min

Salam ɗan'uwa. Da farko Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙurin rashi. Wallahi tun da na karanta tambayarka jikina ya yi sanyi, don abin da ka faɗa shi ne ya same ni ba ƙari ba ragi. Ka ce kun buɗe akwatin marigayi kun tarar da fayafayai irin na gidan rediyo na da, an rubuta sunan shiri da hannu a takardar tsakiya, wani farin abu kamar gari ya fito musu, kuma wai akwai mai gyara da ya ce ka kawo ya wanke ya juye maka a kwamfuta. Dan girman Allah kada ka kai masa. Ko kun riga kun yi magana, kira shi yau ɗin nan ka ce ka fasa.

Nawa guda tara ne, na kawuna ne yayan mahaifiyata, shi aikinsa kenan a tasha lokacin yana saurayi, yanka faifai idan ana son a ajiye wani shiri. A gidanmu tun muna yara ake ba da labarin cewa a ɗaya daga ciki akwai muryarsa, ranar da mai gabatarwa bai zo ba aka ce shi ya sanar da makaɗan. Mahaifiyata ba ta da wani buri da ya wuce ta sake jin muryar yayanta, ba ta da ko hotonsa mai kyau, sai fayafayan nan da take ajiye da su a ƙasan akwati shekara da shekaru. Ni na matsa mata ta ba ni. Ni na ce mata Umma na samu wanda ya san aikin.

Mutumin nan ko kallon kirki bai yi musu ba. Ya ɗauko kwalbar sifirit da wani tsumma ya hau gogewa, ina tsaye ina kallo tsumman yana baƙi, na ce malam ba fentin jikin faifan ne yake fita ba kuwa? Ya ce datti ne na shekaru, ya ce shi kafin a haife ni yake wannan sana'a. Sai na yi shiru, don na ɗauka ya fi ni sani. Ya ɗora a garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, mai kai mai nauyi da allurar ƙarfe. Wallahi mun ji murya. Murya ce ta saurayi, a natse, ya yi gaisuwa ya fara faɗin sunan shirin, bai fi daƙiƙa goma ba sai ƙara ta rufe komai, na duba na ga wani baƙin zare siriri yana nannaɗewa a bayan allurar kamar ana feƙe fensir. Layin sautin ne kansa allurar take kankarewa. Na ce tsaya, tsaya, ka naɗa dai ko? Ya ce ai gwaji yake yi, bai ma kunna kwamfutar ba. Kuma bai tsaya nan ba, kafin in dawo hayyacina ya ɗora na biyu wai ko shi zai fi fita. Da na ƙwace sauran sai ya hau faɗa wai kayan ne ruɓaɓɓu, kuma sai na biya shi ladan wankin da ya yi. Har yau bai ce min yi haƙuri ba. Da haƙurin kawai ya ba ni da wataƙila abin ya ɗan sauka daga zuciyata, amma har gobe idan na tuna yadda ya yarfe tsumman nan ya jefa ƙarƙashin tebur sai in ji maƙogwarona ya ɗaure. Na koma gida Umma tana zaune tana jira, ta ce ka zo da shi? Ban iya ba ta amsa ba. Ni kaɗai na ji daƙiƙa goman nan, ita ba ta ji ba, kuma ba ta taɓa yi min gori ba har ta bar duniya, wannan ya fi komai ci min rai.

Bayan abin ya faru ne na shiga bincike kamar mahaukaci, na gane abin da na kasa ganewa tun farko, cewa irin waɗannan ba kamar faifan garmaho na kasuwa ba ne da ake buga dubbai. Guda ɗaya ake yankawa. Idan ya tafi ya tafi kenan. Cikinsa farantin alminiyam ne aka shafa masa wani baƙin fenti mai laushi, wajen 1934 aka fara amfani da irinsa, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu da alminiyam ya tafi ƙera jiragen sama sai aka koma yin cikin da gilashi, don haka ka ɗaga ɗaya a hankali ka duba a haske, idan haske yana ɗan ratsawa to gilashi ne, ko yaya ya bugu zai tsage. Farin garin da ka gani kuma yawanci ba funfuna ba ce, man zurma ne da aka haɗa fentin da shi don ya yi laushi, shi ne yake rubewa ya fito waje, idan ka taɓa za ka ji da ɗan maiƙo. Alama ce fentin ya fara bushewa yana shirin ɓarewa. Sifirit ba ya shiri da shi sam, kai ko faifan garmaho na kasuwa mai gudun 78 (zagaye 78 a minti) sifirit narkar da shi yake yi. Ruwa ma kada ka sa, idan akwai tsaga zai shiga ƙarƙashi ya ɗaga fentin.

Ka san abin da ya sa nake jin zafin abin nan haka? Kiɗa da nishaɗin farkon rediyo kusan duka iska ta kwashe su. Kai tsaye ake yin komai, makaɗa su taru gaban makirufo guda su yi, wanda ya ji ya ji. A watan Yunin 1920 mawaƙiya Nellie Melba ta rera waƙa daga masana'antar kamfanin rediyo na Marconi a Chelmsford ta Ingila, mutane a ƙasashe daban daban suka saurara. BBC ta fara a Nuwamban 1922, daga 1923 kuma tana ɗauko kiɗan rawa kai tsaye daga otal ɗin Savoy a Landan da daddare. A Nashville ta Amurka shirin kiɗan rediyo da ya zama Grand Ole Opry ya fara ne a 1925 da wani tsoho mai goge, Uncle Jimmy Thompson. Ka yi tunanin yawan dararen da aka yi ana kiɗa irin haka, ba wanda ya ajiye. Manyan tashoshin Amurka NBC da CBS ma ƙin sa abin da aka naɗa suke yi, har ta kai ana yin shiri sau biyu a dare ɗaya, na farko don gabashin ƙasar, na biyu don yamma saboda bambancin awa uku. Sai da mawaƙi Bing Crosby ya gaji ya koma tashar ABC a 1946 don a bar shi ya naɗi shirinsa tukuna, a 1947 kuma ya fara amfani da na'urar naɗar sauti a kan zare (kamar na kaset) irin ta Jamus da wani injiniya Jack Mullin ya zo da ita bayan yaƙi. To duk wani faifai da ya tsira daga wancan zamani, ko na ƙaramar tasha ne da ba wanda ya san ta, ba ƙaramin abu ba ne.

Af, tunda muna kan maganar, 'yan uwa masu turo mana bidiyo daga YouTube wai sautin asali na daren da tashar KDKA ta Pittsburgh a Amurka ta karanta sakamakon zaɓe ranar 2 ga Nuwamba 1920, ba shi ba ne, kwaikwayo ne da aka yi daga baya, ba a naɗi na daren ba. Haka da yawa daga abin da ake cewa shirin rediyo na shekarun 1920, faifan kasuwa ne na mawaƙin da ya yi suna a rediyo aka ɗora masa hoton tsohon akwatin rediyo. Ba laifi ba ne sauraro, ni ma ina ji, amma a daina kiransa abin da ba shi ba. Mai son jin shirye-shiryen gaske, wasannin kwaikwayo da na barkwanci da kiɗan shekarun 1930 da 1940, ya leƙa shafin intanet na Internet Archive, akwai su jibgi.

Mu dawo kan naka. Kada ka jibga su ɗaya kan ɗaya, a tsaye ake jera su, kowanne da rigarsa ta takarda mai tsabta, ban da leda. Ka nisanta su da zafi da laima da wuta, fentin nan yana kama wuta da sauri. Ka riƙe su ta gefe, kada yatsa ya taɓa layin. Kuma ka ɗauki hoton takardar tsakiyar kowanne yanzu yanzu, da rigunansu na asali idan akwai rubutu, kada ka yar da su, ni rigar faifan da aka lalata ita ce kawai ta rage min da rubutun hannun Kawu. Idan ka ga manya ne masu faɗin inci 16, waɗannan gudun 33 da sulusi suke yi, kusan minti 15 kowane gefe, wasu ma daga tsakiya suke farawa su fito waje, ba za su ko hau na'urar gida ba. Duk wanda ya ce zai juye maka, ka tambaye shi wace irin allura zai sa da nauyin da zai ɗora, kuma ko zai kunna naɗi tun kafin allura ta sauka, don wani faifan sau ɗaya tak zai iya jure a kunna shi. Idan ya fara kame-kame ko ya ce duk ɗaya ne, kwashe kayanka ka fita, kada kunya ta hana ka kamar yadda ta hana ni. Gara ka nemi ma'ajiyar sauti ta ƙasa ko ta jami'a, masu wannan aikin na gaske. Yanzu har na'ura akwai mai suna IRENE da wani masani Carl Haber da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Berkeley, hoton layin take ɗauka ta mayar da shi sauti ba tare da allura ta taɓa ba, ko wanda ya tsage ana iya ceto wani abu a ciki. Da na san da ita a lokacin da ko shekara goma ce zan jira.

Sauran bakwai ɗin nawa suna nan ban sake bari kowa ya taɓa ba, biyu sun fara ɓarewa ta gefe. Ka turo hotunan naka a nan, gaba da baya, kuma ka matso da kyamara kusa da ramin tsakiya mu ga ko akwai wasu ƙananan ramuka a gefensa da kalar abin da ke cikin ramin, daga nan za mu gane ko alminiyam ne ko gilashi kafin ka motsa su daga akwatin.