Fatawa: Cewa ɗan Adam ne ya jawo sauyin yanayi ya saɓa wa imani da ƙaddara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Na ce zafin nan da rikicewar damina, hayaƙin masana'antu da saran itatuwa ne suka jawo su. Wani dattijo ya ce in yi istigfari, wai na ba mutum aikin Allah, kuma tun zamanin kakanni ake fari ana ambaliya. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kun cakuɗa mas'aloli biyu, ɗaya ta aƙida, ɗaya ta sanin duniya.

Ta aƙida tukuna. Babu ɗigon ruwan da zai sauka sai da izinin Allah. Amma Shi ne Ya rataya abubuwa a kan sababai, kuma ambaton sababi ba ya kore Mai sababin. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce: "E, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Wataƙila dattijon naku yana tuna hadisin Zaidu bin Khalid na Hudaibiyya, inda aka kafirta mai cewa an yi mana ruwa da tauraro kaza. To, Imam Shafi'i ya bambance: wanda ya ƙudurce tauraron ne ke saukar da ruwa ya kafirta, wanda kuwa yake nufin lokacin da aka saba ganin ruwan bai kafirta ba. In mai ambaton lokaci ya kuɓuta, ina ga mai ambaton sababin da aka auna?

Allah Ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da yawa daga malaman tafsiri sun fassara ɓarnar da fari da ƙarancin albarka sakamakon saɓo. Ba na son yadda wasu ke jan ayar da ƙarfi har su ce hayaƙin mota take nufi kai tsaye. Abin da ta tabbatar ya ishe mu: aikin mutum yana da tasiri a kan ƙasa.

Ta biyu kuwa ba a mumbari ake yanke ta ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙissar barbarar dabino: "Ku ne mafi sani da al'amarin duniyarku." Dattijo ya yi gaskiya cewa yanayi ya daɗe yana juyawa. Shekaru bakwai na ƙunci suna cikin Suratu Yusuf, ƙasar Hausa ma ta ga yunwar Kakalaba a 1914 da farin 1973. Sai dai masana sun auna. Iskar kabon da ke riƙe zafi a sama ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, saboda ƙona kwal da fetur da gas. Tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfin rana, ba a ga ya ƙaru ba, zafin duniya kuwa sai hawa yake. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 babu shakka hannun mutum ne ya ɗumama duniya, da kimanin digiri 1.1. Wannan shi ne mafi rinjaye, shi nake bi.

Kai ma kada ka wuce gona da iri. Ba kowace ambaliya ake ɗora wa sauyin yanayi ba. Wata magudanar da muka toshe da leda ce, wata gini ne a kan hanyar ruwa.

Saboda haka maganarka halal ce, babu istigfarin da ya hau kanka, matuƙar ka ƙudurce Allah ne Mai halitta sababi da sakamakonsa. Dattijon ya yi kuskure a fahimta, amma kishin tauhidi ne ya sa shi, don haka ka sassauta murya in ka koma majalisa. Kuma ko da kai ne ka yi kuskure, saran itace barkatai don gawayi da toshe magudana suna nan ƙarƙashin hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: "Ba cuta, ba cutarwa." Wallahu a'alam.