Amsa ga ɗan'uwa maigadin da Boxer ɗinsa ke ƙin tashi da asuba

Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ka ce kana kwana gadi, babur na kwana waje, in ka tashi tafiya gida da asuba sai ka yi ta buga kik har gumi ya karyo maka. Ni ma gadin nake yi a wani sito, na sha wannan wahalar lokacin hunturu.

Fara da fulogi. Ka kwance shi ka duba bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin da toka, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Yawanci laifin matatar iska ne, ƙurar sanyi ta toshe soson. Ka wanke soson da kananzir, ka shanya, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan. Ranar da na buɗe nawa, kamar an cusa masa garin siminti.

Da daddare ka rufe makunnin mai, ka lulluɓe injin da buhu ko tabarma saboda raɓa. Da safe ka ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin don ya tashi cikin sanyi, ka taka kik sau uku a hankali kafin ka murɗa makulli, kuma kada ka ja totur.

Man 'yan bumburutu kuwa, don Allah ka rage. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashin gadi ba ya kai wata, amma ruwan da ke cikin wani man kwanciya yake a gindin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska. Akwai ɗan sukuru a ƙasanta, ka sassauta shi ya tsiyaye.

In duk ka yi haka bai canza ba, makanike ya duba tafet, wato saitin bawul ɗin injin.