Ƙanwarki da raunukan hannunta

Kin tambaya ko aljanu ke sa ƙanwarki ji wa hannunta rauni, tana rufewa da doguwar riga ko ana zafi. Yawanci damuwa ce ta yi mata katutu: raɗaɗin jiki kan danne na zuci na ɗan lokaci, kunya ta biyo baya, ta sake. Kiran ta mahaukaciya da tara mata dangi ɓoyewa kawai suke ƙarawa.

Ki same ta ita kaɗai, ki saurara ba faɗa. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ta ce eh, kada ki bar ta ita kaɗai, ku je asibiti yau, kamar na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna, ko Dawanau, Kano. Ki kawar da reza da magunguna daga ɗakinta.