Amsa ga mai tambaya kan bindigar kakansa mai tambarin TOWER

Malam, na ga hotunan da ka turo da tambayarka ko wannan ce Brown Bess, tsohuwar bindigar sojan Ingila mai tashi da dutsen ƙanƙara, kuma wai ko da ita aka ci Kano. Ta biyun dai a'a, a 1903 Turawa da bindiga mai harsashi da Maxim, wato mashin-gan, suka zo, mai ƙanƙara kuwa tun wajen 1840 sojansu suka fara ajiye ta.

Ta farkon ce ke buƙatar natsuwa. Na daɗe ina bibiyar tsofaffin bindigogi kuma na riƙe da dama a hannuna, abin da na koya shi ne rubutun TOWER da kambin sarauta da GR, wato haruffan sunan Sarki Joj na Ingila, kaɗai ba sa isa hujja, don maƙeran Bamingam a Ingila da na Liyej a Beljiyam sun yi ta buga irin wannan tambari a kan bindigogin kasuwa masu araha da ake kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, saboda sun san shi masu saye ke nema. Yawancin waɗanda na gani a gidajen mutane irin su ne, dangin adaka.

Ka samo tef ka auna bututun tun daga gindinsa har baki. Brown Bess ta farko, wadda ta fito a 1722, inci 46 ce, sai aka rage zuwa 42, sannan samfurin Indiya mai inci 39 wanda aka yi shi da yawan gaske lokacin yaƙi da Napoliyon, sarkin Faransa, da shi akasarin sojan ƙasa na Ingila suka tsaya a yaƙin Watalu a 1815. Bakinta faɗi ne da shi, kashi uku cikin huɗu na inci, cikin sumul ba zane, shi ya sa in an wuce yadi ɗari sai dai sa'a, dabarar ita ce sojoji su jeru kafaɗa da kafaɗa su saki wuta tare, ƙwararre ya yi harbi uku a minti, sai banati ya ƙarasa. Ka ɗaga ta ka ji, ta gaske ta haura kilo huɗu, kuma farantin gindi da zoben kunama tagulla ce mai kauri. Ta kasuwa sakayau take, katakon ma fari ne aka shafa masa launi. Duba kuma ƙarƙashin kaskon albarushi ko akwai 'yar kibiya, alamar kayan gwamnati ke nan, da tamburan gwaji a saman bututu kusa da gindi.

Don Allah kar ka goge ta da sanfefa. Na taɓa ganin wata da mai ita ya kai wa maƙeri ya wanke masa, aka dawo da ita tana ƙyalli amma duk tamburan sun tafi, wallahi har yau abin na min ciwo. Ɗan mai da tsumma ya isa. Kuma kafin komai ka zura sandar ɗurin a ciki, ka yi alama, ka gwada ta daga waje, in ba ta kai ramin wuta ba to akwai ɗuri a ciki, kuma tsohon albarushi yana tashi, kar ka bari yara su taɓa kunamar.

Ƙanƙarar da ke bakin kunamar ma kar ka yar, in baƙa ce mai kusurwa huɗu da alama ta garin Brandon ce a Ingila, a da sun daɗe suna aiko ta Afirka. Turo mana hoton saman bututun da awon, sai mu sake dubawa.